Gejin mai yana wasa: yadda ake gano matsalar kafin a sauke tanki

Ka cika tanki har baki, ba ka yi tafiyar kilomita goma ba allura ta faɗi kan E. Ka faɗa rami ta zabura ta koma rabi. Ko kuwa ta kafe a kan F kwana huɗu, mota ta mutu a tsakiyar hanya, a leƙa tanki a tarar ko ɗigo babu. Da yawa da sun ga haka sai a ce musu famfon mai ne, a sauke tanki, a sayi sabon famfo da fulotarsa, a ɗaura, allura ta ci gaba da rawarta. Dalili kuwa shi ne abubuwa uku ne ke aiki tare kafin allurar nan ta motsa: fulotar da ke cikin tanki, wayoyin da suka taso daga tanki zuwa gaba, da gejin da ke kan dashbod. Kowanne cikinsu yana iya kawo irin wannan alama. Akwai soket guda ɗaya a saman tanki wanda in ka cire shi ka raba aikin gida biyu, kuma a nan ya kamata awo ya fara.

Yadda abin yake aiki

A cikin tanki akwai wata ƙwarya ƙarama, ta roba mai kumfa ko ta tagulla mai rami a ciki, tana yawo a saman mai. Ita makanikai ke kira fulota. An ɗaura ta a bakin siririn hannu na ƙarfe. Ɗaya bakin hannun yana ɗauke da wani ɗan harshe mai goga kan faranti, farantin kuma rizista ce mai layuka-layuka kamar haƙoran matsefi. Mai ya hau, fulota ta hau, harshen ya matsa zuwa wani layi, ƙarfin tare wutar ya canza. Wannan ƙarfin tarewa shi ake aunawa da om. Geji bai san lita ba, om kawai yake karantawa.

Kamfanoni ba su daidaita a kan lamba ɗaya ba, kuma wannan ne ke rikita mutane. Motocin GM daga 1965 zuwa wajen 1997 suna ba da om 0 in tanki ya ƙare, om 90 in ya cika. Daga baya suka koma 40 zuwa 250. Tsofaffin Ford da Chrysler suna farawa daga 73 a ƙare su sauko 10 a cike, sannan Ford ta koma 16 zuwa 158 daga 1987. Tsofaffin Toyota da yawa suna wajen 110 a ƙare, wajen 3 a cike. Gejin da ake saya a ɗaura daga baya galibi 240 zuwa 33 ne, na kamfanin VDO kuma 10 zuwa 180. Lura da kyau: a wasu lambar tana hawa in mai ya ƙaru, a wasu tana sauka. Tsinkakkiyar waya kuwa geji yana karanta ta kamar om mai yawa ƙwarai. Saboda haka waya ta tsinke a motar da ke kan 0 zuwa 90, allura za ta wuce F ta tsaya. Irin wannan tsinkewar a tsohuwar Toyota E za ta nuna. Kafin ka taɓa komai, nemi lambobin motarka a littafin gyaranta ka rubuta su a takarda.

Shi ma gejin iri uku ne. Na tsofaffin motoci ƙarfe ne mai lanƙwasa in wuta ta ɗumama shi, shi ya sa allurarsa ke tashi a hankali bayan an murɗa makulli. Na tsakiya naɗin waya ne da maganaɗisu. Na zamani kuwa saƙon fulota yana fara shiga kwamfutar mota ko ta dashbod, ita ce za ta yi lissafi ta umarci wani ɗan ƙaramin injin lantarki ya juya allura.

Fara da kallon halin allurar

Kwana biyu na lura sun fi awa uku a ƙarƙashin mota. Cika tanki, mayar da ma'aunin tafiya sifili, ka riƙa duba lokacin da allurar ke yin abin da take yi. Wannan ma'aunin shi zai tsare ka daga ƙarewar mai kafin a gama gyara: in ka san tankinka yana kai ka kilomita 500, sha mai a 350. Kada ka bari ya ƙafe, domin famfon da ke cikin tanki da man yake sanyaya jikinsa.

In allura tana tafiya daidai daga F har zuwa wani wuri, ta ce rabi ko kwata, sai ta faɗi ƙasa ko ta yi tsalle sama, sannan da mai ya ragu kaɗan ta dawo hayyacinta, to kusan babu tantama farantin fulota ne ya cinye a daidai wannan wurin. Abin da ke faruwa shi ne direban da kullum yake ajiye mansa tsakanin E da kwata, harshen yana ta goga a layuka biyar-shida ɗin nan shekara da shekaru har su shafe, sauran farantin kuwa sabo fil.

In ba ruwanta da yawan mai, sai an shiga gargada ko an buga ƙofa da ƙarfi take zabura, ka zargi soket ko wayar da ta saki. In kunna fitila, ko taka birki, ko sa sigina ne ke motsa ta, matsalar wayar negetif ce, wadda ke ɗaure a jikin mota, masu rewaya suna ce mata as. Wutar fitilun baya ta rasa hanyar komawa sai ta bi ta layin geji. In gejin zafi da na mai sun haukace lokaci guda, bar tanki ya huta, matsalar tana dashbod. In kuma allura tana lilo a kwana da gangara fiye da yadda ta saba, ko dai shingayen da ke cikin tanki masu hana mai tambal-tambal sun ɓalle, ko abin da ke lausasa saƙon kafin ya kai allura ya mutu. Wasu motocin Ford suna da ɗan allo na daban a bayan dashbod don wannan aikin kawai.

Akwai shaida ɗaya da ake mantawa da ita: fitilar gargaɗin ƙarewar mai. A tsofaffin motocin Japan da yawa tana da nata ma'aunin dabam a cikin tanki, ba ta dogara da fulota ba. A irin waɗannan, allura ta faɗi E fitila ba ta kama ba, ka san akwai mai. A motocin zamani kuwa daga saƙo ɗaya ake kunna su duka biyun, don haka tare suke yin ƙarya.

Wani abin da ba lalacewa ba ne: ka sha mai injin yana kunne ko makulli a buɗe, allura ta ƙi tashi sai bayan tafiya mai ɗan tsawo. Kwamfutar an tsara ta ne ta riƙa jinkirta canji don kada allura ta bi kowane motsin mai. Kashe mota ka sake kunnawa, yawanci sai ta gyaru.

Kayan aiki da kiyaye kai

Mita mai auna volt da om, ƴan rizistoci masu lambobin da suka dace da motarka ko rizista mai murɗawa ta om 0 zuwa 500, wayoyin gwaji masu baki, feshin wanke soket, sifanoni da sukudireba, sandar tagulla ko ta katako mai tauri, sabuwar robar bakin tanki, tsumma, da tukunyar kashe gobara mai hoda. In motar daga 1996 zuwa sama ce, na'urar karanta kwamfutar mota za ta rage maka rabin wahala.

Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya bi rami da kwata, kuma tanki mai ɗan mai kaɗan ya fi cikakke haɗari don tururi ne ya cika shi. A yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa. Babu sigari, babu walda a kusa, babu ƙwan fitila mai zafi a ƙarƙashin mota. Tocila mai batir ta wadatar. Duk awon da ke buƙatar makulli a buɗe a gama shi tanki yana rufe. Kafin a buɗe bakin tanki kuwa, a cire kan batir na negetif.

Mataki na farko: fiyus, batir da kwamfuta

Wannan ba ya cin minti goma. Duba fiyus ɗin dashbod, ka ciro shi ka ga ko ƙafafunsa sun yi baƙi ko sun yi sako-sako a mazauninsu. Auna batir: wajen volt 12.6 mota a kashe, tsakanin 13.5 da 14.7 injin yana aiki. In lambar tana hawa da sauka ko ta haura 15, gyara caji tukuna, don altaneta mai wasa tana sa allurai wasa.

Sa na'ura ka karanta lambobin kuskure. P0460 matsala ce a layin ma'aunin mai gaba ɗaya. P0461 na nufin saƙon bai yi daidai da hankali ba, misali an yi doguwar tafiya bai canza ba. P0462 saƙo ya yi ƙasa da yawa, galibi waya ta taɓa jikin mota. P0463 ya yi sama da yawa, galibi tsinkewa ko farantin da ya cinye. P0464 kuwa saƙo ne mai zuwa yana ɗaukewa. Lambar tana nuna layin da ke da matsala ne kawai, ba ta ce a sayi fulota ba.

Abin da ya fi lambobin amfani shi ne kallon yawan mai kai tsaye a fuskar na'urar, inda take nuna shi kashi cikin ɗari. Na'ura ta tsaya cak a kashi 60 allura tana yawo, laifin dashbod ne. Lambar na'urar ita ma tana tsalle tare da allura, to daga tanki ko waya abin yake zuwa. Na'urori da yawa suna iya umartar allurai su zagaya daga ƙasa zuwa sama. Wasu motocin ma suna yi da kansu in ka danne maɓallin goge ma'aunin tafiya sannan ka murɗa makulli. Allurar da ta sarƙe, ta yi rawa, ko ta kasa kaiwa ƙarshe a wannan gwaji ta tona asirin kanta.

Mataki na biyu: raba layin a soket ɗin tanki

Nan ne zuciyar aikin. A ƙananan motoci da yawa akwai murfi a ƙarƙashin kujerar baya ko a cikin but, ka kwance shi sai ga saman famfo da soket ɗinsa. A motocin ɗaukar kaya da wasu manya babu murfin, sai dai ka bi wayar ta ƙasa ka sami soket mafi kusa da tanki.

Soket ɗin galibi waya huɗu ne ko biyar. Masu kauri biyu na famfo ne, sirara na fulota. Kada ka yi cinta da launi, tabbatar daga zanen wayoyin motar, domin in ka haɗa wayar wutar famfo da jikin mota fiyus zai tashi, in ka yi rashin sa'a har da abin da ya fi fiyus tsada.

Kashe makulli, cire soket, ka dube shi a haske. Kore-kore a kan ƙarfe, ƙafar da ta koma ciki, roba da ta narke a gefen wayar famfo, duk amsa ce tun kafin a sa mita. Ƙafar famfo in ta yi zafi tana narkar da robar har ta sassauta maƙwabciyarta ta fulota.

Yanzu gwada ɓangaren mota. Buɗe makulli soket yana cire: allura ta tafi ƙarshe ɗaya. Kashe, haɗa rizista tsakanin wayar saƙo da wayar as ta fulota, sake buɗewa. Sa lambar cike ka ga ko ta kai F, sa lambar ƙare ka ga ko ta sauka E, sannan ka sa ta tsakiya. A tsarin 0 zuwa 90, om 45 rabi ne. A tsarin 240 zuwa 33 kuwa rabi yana wajen om 100, ba tsakiyar lissafi ba, don haka kada ka yanke wa geji hukunci da rabon lamba biyu kawai. A motar zamani kashe makulli ka sake buɗewa duk lokacin da ka canza rizista, ka kuma ba ta minti ɗaya ko biyu. Wasu ma in sun riga sun ajiye lambar kuskure sai an goge ta kafin allura ta yarda ta motsa.

Tsohuwar dabarar masu rewaya ita ce su dangwala wayar saƙo a jikin mota su ga allura ta gudu. Tana aiki, amma ƙarshen geji kawai take nunawa, ba ta faɗin ko yana karanta tsakiya daidai. A gejin da ke aiki da zafi kuma, in ka bar ta a haɗe fiye da ƴan daƙiƙoƙi za ka ƙona shi. Rizista ta fi.

Rizistar tana haɗe, allura a tsaye a rabi, sa wani ya zuba mata ido kai kuma ka bi wayar kana girgiza ta: bakin soket, inda ta shiga jikin mota ta cikin roba, ƙarƙashin kafet kusa da ƙofa, bayan dashbod. Inda ka taɓa allura ta motsa, nan ɓarawon yake.

In geji ya bi rizistoci daidai kuma girgiza ba ta motsa shi ba, to waya da dashbod ba su da laifi. Juya mita zuwa om ka auna ɓangaren tanki, a ƙafafun fulota. Kwatanta abin da ka samu da man da ka san yana ciki. Sannan a kama motar a jijjiga ta gefe da gefe: lambar ta riƙa hawa da sauka a hankali tana bin mai. In ta ɗauke gaba ɗaya ta nuna layi a buɗe, ko ta yi tsalle daga 40 zuwa 300 ta dawo, fulota ce. In ba ta motsa ko kaɗan ba, hannun ya maƙale ko ƙwaryar ta nutse. Mai haƙuri yana iya ƙarawa da wannan: tanki kusan a ƙare, a riƙa zuba lita biyar-biyar daga jarka ana rubuta om bayan kowace zubawa. Jerin lambobin zai nuna ainihin inda farantin ya mutu ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba.

Mataki na uku: wayar as

Auna as da om yana yaudara, don silin waya ɗaya da ya rage yana iya nuna sifili. Auna ta da volt, tana cikin aiki. Mayar da soket, tayar da injin don famfo ya ja wuta, sa baƙar wayar mita a kan negetif na batir da doguwar waya, jar kuma ka soka ta bayan soket a wayar as. Abin da ya wuce volt 0.1 zuwa 0.2 ya yi yawa. Kunna fitilu ka taka birki kana kallon mitar. In lambar ta hau, as ɗin da suke rabawa ya lalace.

Gyaran ba wuya. Bi wayar zuwa inda aka ɗaure ta da noti a jikin mota, kwance, kankare tsatsa da fenti har farin ƙarfe ya fito, ɗaure da kyau, shafa ɗan giris a kai don ruwa. A tsofaffin motoci masu tankin ƙarfe inda fulota ke da waya ɗaya tak, jikin tankin ne as, ta hanyar ɗamarar da ta riƙe shi. Tsatsa ta ci ɗamarar, geji ya rikice. Ja sabuwar waya daga murfin fulota zuwa jikin mota, magana ta ƙare. A tsarin da om ɗinsa ba yawa abin ya fi tsanani: a 0 zuwa 90, tsatsar da ta ƙara om 10 kacal za ta sa allura ta nuna akwai sauran mai alhali tanki ya bushe.

Wayar da ta tsinke a haɗa ta da dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗawa da hannu a naɗe da salatif ita ce ke dawo da matsalar bayan wata biyu.

Mataki na huɗu: fito da fulota

Sai awo ya nuna tanki sannan a buɗe shi. Rage mai ya koma ƙasa da kwata. A wasu motocin in tanki ya cika, man yana sama da bakin murfin, kana buɗewa zai malalo cikin mota. In sauke tankin za a yi, tuna cewa litar fetur tana da nauyin kusan kilo 0.75, lita 40 kilo 30 ke nan mai tambal-tambal a kan jak.

Sauke matsin mai tukuna, don layin yana riƙe da matsin wajen bar 3 zuwa 4 (bar ma'aunin matsi ne) ko da mota a kashe. Cire fiyus ɗin famfo, tayar da injin ka bar shi ya mutu da kansa, sannan ka cire kan batir. Share ƙura da yashi daga saman murfin kafin ka kwance komai. Naɗe bakin tiyo da tsumma lokacin cirewa. Yi alama da fenti a murfi da jikin tanki don ya koma yadda yake. Zoben da ya danne murfin, in na bugawa ne, da sandar tagulla ko katako ake buga shi. Ƙarfe kan ƙarfe yana ba da tartsatsi. Wajen zaro famfon karkata shi a hankali hannun fulota ya fito ba tare da ya lanƙwashe ba, kuma kwanon da famfon ke ciki cike yake da mai, a tanadi abin tara.

Ɗora shi a tebur nesa da tanki, haɗa mita, ka ɗaga hannun daga ƙasa zuwa sama a hankali ƙwarai, kamar mai zare ƙaya. Lambar ta tafi a jere ba tsallake. Mita mai allura ta fi mai lambobi kama ɗaukewar ƙiftawar ido. Maimaita kana ɗan tura hannun gefe, don in ramin da yake juyawa a ciki ya buɗe, harshen yana ɗagawa daga farantin duk lokacin da mai ya bugi fulota. Tabbatar lambobin ƙarshe biyu sun yi daidai da na littafi.

Dubi farantin da kyau. Baƙin dafi a kan layukan yawanci aikin farar wuta ne da ke cikin mai, wadda ke cin azurfar da aka yi su da ita. A 2004 an sayar da fetur mai yawan farar wuta a jihohin Florida da Louisiana na Amurka, gejin motoci masu ɗimbin yawa suka lalace a ƴan kwanaki, wasu suna nuna cike tanki babu komai. Irin wannan dafin yana fita da feshin wanke soket da abin goge fensir, a hankali. Kada a sa samfefa, layukan ba su kai kaurin takarda ba. In harshen ya yi laushi ana iya ɗan lanƙwasa shi ya ƙara dannawa, amma kaɗan. Dannawa da yawa tana gaggauta cinyewa. In kuwa layukan sun shafe har farin farantin ya bayyana, ko bakin harshen ya cinye ya ɓalle, wanki ba zai yi komai ba. A motoci da yawa ana sayar da fulota ita kaɗai, a zare tsohuwa daga jikin famfo a maƙala sabuwa. In famfon ya tsufa kuma sai da aka sauke tanki kafin a kai gare shi, canza su tare ya fi hankali, don kada a sake wannan wahalar bayan wata shida.

Sai ƙwaryar. Ta tagulla, girgiza ta kusa da kunne. In ka ji motsin ruwa ta huje. Tsoma ta a ruwan zafi, nesa da wuta, kumfa zai nuna ramin. Ta roba mai kumfa in ta sha mai takan yi nauyi, ta riƙa nutsewa rabi, geji ya kasa kaiwa F ko an cika. Canzawa ake yi.

Kafin ka rufe, haska cikin tankin. Nemi shingen da ya ɓalle yana yawo, tiyo ko wayar da ta shiga hanyar hannun, da ƙasan tanki da ya lotsa. Tankin da dutse ya buga daga ƙasa, ko wanda hanyar shaƙar iskarsa ta toshe har famfo ya tsotse shi ya shige ciki, yana tokare fulota ta kasa sauka. Alamar na biyun ita ce doguwar shaƙar iska in an buɗe murfin shan mai.

Auna sabuwar fulota da mita kafin ka sa ta. Kaya masu kama ɗaya a ido suna zuwa da om dabam, har da masu karatu a juye, ka cika tanki allura ta sauka. Sa sabuwar roba a baki. Tsohuwa takan kumbura da mai ta ƙi zama, ta bar warin fetur a mota, a sababbin motoci kuma ta kunna fitilar injin da P0442 ko P0455. Daidaita alamar fentin, ɗaure, mayar da fiyus da batir, buɗe makulli sau biyu ko uku ba tare da tayarwa ba don matsi ya taru, ka duba yoyo kafin ka mayar da kujera.

In an sa fulota ta gama-gari wadda ake lanƙwasa hannunta, fifita daidaiton E a kan na F. Allurar da ta ɗan gaza kaiwa F ba ta cutar da kowa; wadda ke nuna kwata mai ya ƙare ita ke kwanar da mutum a hanya.

Tanki mai ɗaki biyu

Motoci masu jan baya ko masu jan ƙafa huɗu, irin su BMW da Subaru da yawa, tankinsu yana hawa kan sandar da ke kai ƙarfi baya kamar sirdi, ɗaki ɗaya dama ɗaya hagu. Kowane ɗaki da fulotarsa, a wasu an jera su a layi ɗaya ana tara om ɗinsu, a wasu kwamfuta ce ke haɗa lissafin. Ɗaya ta mutu sai geji ya tsaya a rabi ko ya ƙi wuce rabi. Auna kowacce dabam. Lambobin kuskuren ta biyun suna farawa daga P2065.

A irin wannan tanki akwai tarkon da ke sa a zargi geji a banza. Wani ɗan bututu mai tsotso ne ke kwaso mai daga ɗakin da babu famfo zuwa mai famfo. In ya toshe ko tiyonsa ya zare, mota za ta mutu allura tana nuna kwata, kuma gaskiya ta faɗa: man yana nan, a ɗakin da famfo ba ya kaiwa. Buɗe murafen biyu, in ɗaya a bushe ɗaya da mai, fulota ba ta da laifi.

In laifin na dashbod ne

A tsofaffin Ford da Chrysler akwai ɗan akwatin ƙarfe a bayan dashbod mai rage wutar geji zuwa matsakaicin volt 5. A tsofaffin motocin Ingila volt 10 ne. Yana aiki ne ta kunnawa da kashewa, don haka fitilar gwaji za ta riƙa ƙiftawa a bakinsa in yana da lafiya. Ya maƙale a kunne, gejin mai da na zafi duk su haura sama har su iya ƙonewa. Ya mutu, duk su kwanta. Ana samun na zamani marar motsi da ke zama a gurbinsa.

Ciro dashbod ɗin ka duba bayansa: notocin da suka riƙe geji a kan allon wayoyi sukan saki, siraran layukan tagulla sukan tsage, dalmar ƙafafun soket takan yi zobe mai tsaga da sai da madubin ƙara girma ake gani. Sabunta dalmar yakan isa.

A masu ɗan injin juya allura, injin ne ke cinye haƙoransa. Manyan motocin GM na 2003 zuwa 2006 sun yi suna da wannan, kuma ana maye gurbin nasu da mai lamba X27.168. Tunda an buɗe, a canza na dukkan allurai, don tare suka tsufa. Kafin zare allura yi alamar inda take kwanciya. Wajen mayarwa, haɗa rizistar rabin tanki a soket ɗin baya, buɗe makulli, jira injin ya tsaya, sannan ka dasa allurar a kan rabi daidai ka danna ta a hankali, ka bar ɗan sarari tsakaninta da fuskar geji don kada ta goga. In dashbod ɗin gaba ɗaya za a canza, a motoci da yawa sai an shigar masa da bayanan motar da na'ura, a wasu ma injin ba zai tashi ba sai an haɗa shi da makulli, kuma lissafin kilomita yana cikinsa, a rubuta na tsohon kafin a cire.

Bayan kowane gyara, goge lambobin kuskure, cika tanki mota a kashe, ka bi allurar tanki guda cur kana kwatanta ta da kilomita. In fitilar gargaɗi ta kama, je ka cika ka lura da litar da ta shiga. Cire ta daga girman tankin da ke rubuce a littafin mota. Abin da ya rage, wanda a yawancin motoci yake wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na tanki, shi ne ainihin man da kake da shi duk ranar da fitilar ta sake kamawa.